Lasifikar da Aka Mayar Kunne

Idan Allah ya tashi jarraba mutanen layi, ba sai ya aiko musu da gobara ko ambaliya ba. Ya isa ya bar mutum irin maƙwabcina Ba-Wuya ya yi daidai sau ɗaya tak. Mu dai haka ta faru da mu, kuma ni na fi kowa ɗanɗana kuɗata, don bango ɗaya ne ya raba shagon askina da shagonsa na gyaran rediyo.

Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa. Ka kawo masa fanka, ya ce ba wuya. Ka kawo masa agogo, ya ce ba wuya. Ko cewa ka yi haƙori ke damunka, zai ce ba wuya, ya fara laluben filaya. Duk abin da ya shiga shagonsa da ciwo ɗaya, da biyu yake fitowa. Kwanan baya ya sayi tsohuwar kwamfuta da wani akwati mai maɓallai rututu, ya sa aka rubuta a saman ƙofarsa cewa nan ɗakin ɗaukar sauti ne. Ba wanda ya taɓa zuwa a ɗauke shi, amma tun daga ranar ya daina amsa sallamar da ba a haɗa da "Injiniya" ba.

Surukinsa kuwa, wanda duk muke kira Baba Mai Ganga, mutumin kirki ne da ba ya son hayaniya in ba tasa ba. Ya ƙare ƙarfinsa yana buga babbar ganga a ƙungiyar badujala, irin wadda ake ratayawa a ƙirji, in an doka ta ka ji har cikin hanjinka. Kafaɗarsa ta dama ta lalace, likita ya sa ranar yi masa aiki, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin hannun zai ci abinci, zai yi gaisuwa, amma shi da gula sai dai kallo. Tsohon bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya kawai ya roƙi 'yarsa, matar Ba-Wuya, wadda muke ce wa Anti Nas saboda aikinta na asibiti.

"Tun ina saurayi ina bayan gangar nan," in ji shi. "Kowa ya ji ta daga gaba, ban da ni. Kafin su yanka ni, ina so in buga sau ɗaya a ɗauka, in zauna kamar kowa in ji abin da nake yi wa mutane."

A gabana Anti Nas ta kawo wa mijinta maganar, ina tsaka da yi masa gyaran fuska.

"Baban yara, makirfon nan naka za ka kafa masa, ya buga, ka ɗauka. Shi ke nan. Don Allah kada ka ƙara komai a kai. Kafaɗar ba za ta yi bugu biyu ba."

"Makirfo?" Ya zabura har na kusa yanke masa kunne. "Wannan ɗan tsakon? Makirfo ai na masu siririyar murya ne. Gangar Baba muryar ƙasa gare ta. Babban baki sai babban kunne."

"Ina za ka sami babban kunnen?"

"Lasifika!"

Na ce, "Injiniya, lasifika ai baki ce."

"Shi ya sa kai aski kake yi," in ji shi.

Ya fige ƙyallen da na ɗaura masa a wuya, rabin gemu a gyare rabi a hargitse, ya ja mu zuwa shagonsa. Ya ciro lasifikar wata matacciyar rediyo, ya nuna mana faifan takardar da ke gabanta. Wai in wuta ta shiga, takardar nan ke rawa ta tura iska, mu ji sauti. To in iska ce ta ture ta, sai ta yi rawa ta haifar da 'yar wuta a igiyar baya, wannan wutar kuwa ita ce sautin da ake ɗauka. Ya liƙa mata igiya da darma, ya cusa a ramin da ake sa makirfo, ya kifa bokitin roba ya doka gindinsa. Ya danna maɓalli, sai ga bokiti yana "dum, dum" a cikin na'ura, da kauri kamar ba bokiti ba.

Wallahi abin ya yi. Da ma bai yi ba, da yau madubina yana nan.

"Kun gani?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wannan fa 'yar mai faɗin tafin hannu ce. Yanzu ku auna wadda ta kai ƙofa."

Mutum ɗaya ne a unguwar ke da irin wannan: Mai Sauti, wanda ke ba da hayar kayan kiɗa ga masu taro. Yana da manyan lasifiku guda biyu da yake ji da su fiye da 'ya'yansa, har zani yake lulluɓa musu. Ba-Wuya ya je ya same shi da daɗin baki.

"Ɗaya zan ara. Ba ma aiki za ta yi ba, hutu za ta zo. Kullum ita ke ihu, yau ita za ta zauna a yi mata."

"Ba za ka sa mata wuta ba?"

"Kunne yana cin wuta ne?"

Mai Sauti ya nemi inda ƙaryar take, bai samu ba, ya ba shi. Har da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya haɗa masa, wai ya ajiye masa a shago don ɗakinsa na yoyo.

Ranar da aka sa, da hantsi aka turo lasifikar a kura. Ta iso ƙofar shago ta tsaya. Aka juya ta a tsaye, ta ƙi. Aka kwantar da ita, ta ƙi. Ba-Wuya ya ce laifin maginin ne da bai hango ci gaba ba, ya kira Mai Walda na ƙarshen layi ya yanke ƙofar ƙarfen da gindinta gaba ɗaya. Lasifika ta shiga. Da aka zo mayar da ƙofa, ashe garin yanka an haɗa da maƙalanta, sai aka jingine ta a bango. Ɗakin ɗaukar sauti ya zama rumfa.

"Hayaniyar titi za ta shigo," in ji Mai Walda.

"Na riga ka tunani."

Ya aika gida aka ɗauko katifar gadonsu, ya toshe rabin ƙofar da ita. Anti Nas ta iso da mahaifinta, ta ga katifarta a tsaye a bakin titi kowa na kallo.

"Baban yara, wannan ba katifata ba ce?"

"Yau ta shiga tarihi."

"Ta shiga kwata dai, dubi gindinta."

Baba Mai Ganga kuwa ya zo cikin tsohuwar rigarsa ta badujala, ja mai maɓallan tagulla, an goge su suna ƙyalli, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Aka ba shi kujera ya zauna da gangarsa a gaba, yana shafa fatarta.

Ba-Wuya ya haɗa igiyoyi, ya kunna kwamfuta, ya sa abin ji a kunne, ya jingina da akwatin lasifikar yana kallon allo. Sai fuskarsa ta canza. Ba wanda ya taɓa ganga, amma wani zare mai nuna sauti a allon yana ta tsalle.

"Akwai mai gurnani a layin nan," in ji shi. "Kunnen nan ba ya jin ƙaramar magana, amma duk abin da ke girgiza ƙasa, ko a ina yake, sai ya kamo shi."

Ya fita da gudu ya nufi wurin Mai Niƙa.

"Kashe injin!"

"In kashe? Ga mata a layi da robobinsu!"

"Minti kaɗan. Aikin kimiyya ne."

Don darajar tsohon aka kashe. Matan da ke jiran niƙa suka biyo shi da robobinsu su ga kimiyyar. Ya koma ya duba, zare na tsalle. Ya sa Mai Walda ya kashe janaretansa. Zare na tsalle. Ya faɗa shagon Mai Ɗinki, wata mata mai baki kamar almakashinta, ya ce ta sauke ƙafarta daga keken.

"Keken nawa ne ke gurnani? Ka dai binciki cikinka."

"Hajiya, kimiyya ba ta san tsiwa ba."

"Ta san yanke ƙofa dai."

Ni ma ya zo ya sa na kashe injin aski, na bar wani bawan Allah da rabin kai. Shi ma ya fito da ƙyalle a wuya ya shiga 'yan kallo. Aka kashe firjin mai sayar da ruwan sanyi. Aka kashe fankar shagon, tsoho ya fara zufa a cikin rigar ulu. Wata babbar mota ta taho, Ba-Wuya ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu, direban ya leƙo ya yi masa addu'ar da ba zan maimaita ba, ya juya ya bi ta wani layin. Layinmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa, kowa ya bar sana'arsa ya taru a bakin katifa.

Ya koma ya jingina da akwatin, ya duba allo. Zare na tsalle, har ya fi na ɗazu.

"Ƙasa ce da kanta ke motsi," ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa. "Jama'a, mai yiwuwa na gano abin da masana ba su gano ba."

"Baban yara," in ji Anti Nas, "ɗaga ƙafarka."

Duk muka dubi ƙasa. Ba-Wuya yana da ɗabi'a, in yana jin kansa sai ya riƙa karkaɗa ƙafa. Gwiwarsa ce ke dukan akwatin tun ɗazu. Ya janye ta, zare ya kwanta lumui.

"Gwaji ne," in ji shi. "Ina so in ga ko akwai mai lura a cikinku."

Mai Niƙa ya fara naɗe hannun riga, aka riƙe shi.

Mai Ɗinki ta ciro salularta. "Bari ni ma in ɗauka a nan, ko da tsautsayi."

"Haram!" Ba-Wuya ya yi tsalle. "Iskar salula tana gurɓata sauti. Kowa ya kawo tasa."

Ya karɓi roba daga hannun wata mai niƙa, ya bi mu ɗaya-ɗaya yana tarawa, ya kai cikin shagona ya rufe. Anti Nas ta nuna ɗan makirfon da ke kan tebur ta ce ko shi a kafa a gefe. Ya ce ba a haɗa giwa da ɓera a aiki ɗaya, ya jefa shi cikin aljihun tebur. Yau in na tuna yadda muka miƙa masa wayoyinmu da hannunmu, kaina nake jin haushi, ba shi ba.

Aka taimaka wa Baba ya rataya gangar. Ya tsaya a gaban lasifikar, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gula. Ban taɓa ganinsa yana bugu ba sai ranar. Tsohon da ke tafiya a duƙe ya miƙe sambal, ya ɗaga haɓa, ya fara doka kiɗan maci yana taka ƙafa a wuri ɗaya. Mata suka ajiye robobi. Mai Niƙa ya manta da fushinsa yana gyaɗa kai. Anti Nas ta rufe baki da gefen mayafinta, hawaye na zuba.

Ya buga iya abin da kafaɗar ta yarda, ya rufe da dukan ƙarshe, gula ta suɓuce ta faɗi. Aka cire masa gangar, aka zaunar da shi.

"Shi ke nan," in ji shi yana haki. "Na sallame ta. To, ɗana, a sa mini in ji."

"Yanzu kuwa, Baba. Ku gyara zama."

Ya danna maɓalli. 'Yan lasifikun kwamfutar suka yi shiru. Muka kasa kunne. Can sai wani ɗan "tsut, tsut", kamar ana taɓa takarda da farce.

"An fara?" in ji Mai Walda.

"Kwamfutar ce ba ta da ƙirji. A kawo waya."

Aka ɗauko robar wayoyi, ya tura sautin cikin ta matarsa. Ta kunna, ta kai kunne, ta girgiza ta, ta sake kaiwa. Babu komai. Aka gwada ta Mai Ɗinki, aka gwada tawa, aka gwada wata rediyo da ke shagon. Ashe babban kunnen ya yi aikinsa fiye da kima: ya kwashe gurnanin can ƙasa kaɗai, ya bar ƙarar dukan gula da duk abin da ƙaramar na'ura ke iya furtawa.

"Amma ku duba allo!" Ba-Wuya ya juyo mana da kwamfutar. "Ku ga tudun nan! Ku ga wannan! Kun taɓa ganin sauti mai tsayi haka?"

"Mu kallo muka zo, ko ji?" in ji Mai Ɗinki.

"A buga masa hoton a takarda ya rataya a ɗaki," in ji mai rabin kai.

Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga tsohon. Yana zaune ya dafe kafaɗa, yana kallon gular da ke ƙasa. Anti Nas ta matso kusa da mijinta, ta yi magana a hankali, wadda ta fi ihu ban tsoro.

"Na ce maka kada ka ƙara komai."

Zufa ta karyo masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan amfilifayar Mai Sauti da ke ajiye a lungu.

"Wanda ya ji shi zai faɗa!" ya ce. "Ita ta ji, ita za ta maimaita."

"Ka ce ba za ka sa mata wuta ba," na tuna masa.

"Kunne na ce ba ya cin wuta. Yanzu baki ce."

Ya fizge igiya daga nan ya cusa can, ya sa aka tayar da janaretan Mai Walda, ya kunna daga farko. Shiru. Ya manta cewa farkon ɗaukar babu komai sai lokacin da ake rataya wa Baba ganga. Ya murɗa maɓallin ƙara. Shiru. Ya ƙara murɗawa. Ya murɗa har maɓallin ya ƙure, ya sa kunnensa a jikin lasifikar yana cewa, "Yi magana mana."

Ta yi.

Ban ji dukan farko da kunne ba, a ciki na ji shi, kamar an tokare ni da gwiwa. Katifa ta faɗo kan masu niƙa. Ƙofar da aka jingine ta kife a titi da ƙara. A duka na biyu na ji madubin shagona ya sauko, na san muryarsa. Zarurrukan Mai Ɗinki suka gangaro daga kanta suka bi titi, kowanne da jelarsa. Matattun rediyoyin da ke kan katako suka riƙa tafiya da kansu suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙura ta zubo daga silin. Ba-Wuya kuwa, da shi da abin jin da ke kunnensa, ya tsallake katifa da matan da ke ƙarƙashinta, ya shige shagona ya ɓuya a bayan kujerar aski. Maɓallin da za a rage ƙarar ba wanda ya san shi sai shi.

Lasifikar ta yi ta maci ita kaɗai, har ta kai wani duka mai nauyi, ta yi "farrr", takardarta ta tsage gida biyu, wani hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya fito. Daidai lokacin Mai Sauti ya iso da gudu, don tun daga gidansa ya gane muryar abarsa.

"Hutu!" yake ihu. "Ya ce mini hutu za ta zo! Ina yake?"

Mutum goma suka nuna shagona. Aka fito da shi ta ƙeya, gashin aski ya manne masa a fuska, Mai Sauti ya shaƙe masa wuyan riga.

"Lasifikarka ce ba ta da juriya," Ba-Wuya ke cewa da ƙyar. "Ka gode mini da na gano maka."

Sai muka ji murya daga cikin hayaƙin.

"Ashe haka kuke ji?"

Baba Mai Ganga ne. Duk gudun da aka yi, shi bai motsa ba. Yana tsaye a gaban yagaggiyar lasifikar, ƙura ta yi masa fari a kai, hannunsa na hagu a kan ƙirji, idanunsa sun cika.

"Ashe haka take zuwa wa mutum? Ta nan take shiga?" Ya bubbuga ƙirjinsa. "Ɗana, ba ta kai ƙarshe ba. A sake sa mini."

Anti Nas ta dubi lasifikar, ta dubi mahaifinta, sannan ta juya ta dubi Mai Sauti. Mu ma duk muka dube shi. Ya gane abin da ake nufi, ya fara girgiza kai.

"A'a. A'a wallahi. Guda ɗaya ta rage mini."

Ya dubi tsohon da rigarsa mai maɓallan tagulla. Ya saki wuyan Ba-Wuya, ya yi tsaki mai tsawo.

"A kawo kura. Amma wannan mutumin, in ya matso kusa da maɓalli, sai dai a kai mu asibiti mu biyu."

Mu da kanmu muka turo ta. Kowa ya fara shiga shagonsa ya sauke abin da ya rage a bango. Aka zaunar da Ba-Wuya a benci a tsallaken titi, Mai Ɗinki ta zauna kusa da shi da almakashi a cinya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce, "Ka ji wannan? Ni na ɗauka."

Mai Sauti ya murɗa ƙarar daidai wa daida. Baba ya zauna a kujera a gaban lasifikar, kamar kowa, ya rufe ido ya ji kiɗansa daga farko har dukan ƙarshe. Da ya ƙare ya buɗe ido.

"Baba, yaya ka ji?" in ji Anti Nas.

"Ina saurin hannu," in ji shi. "A wajen juyawa ina riga ƙafa da ɗan kaɗan. Duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa gaya mini." Ya gwada ɗaga hannun dama kamar zai nuna mata wurin, hannun ya ƙi tashi. Ya mayar da shi kan cinya.

Daga tsallaken titi Ba-Wuya ya miƙe tsaye. "Baba, wannan ana gyara shi a kwamfuta! Ku ba ni ɗan lokaci kawai!"

Layi gaba ɗaya, har da mai rabin kai, muka haɗa baki muka ce, "Zauna!"

Tsohon ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannun hagu.

"A bar mini kuskurena, nawa ne," ya ce wa Mai Sauti. "Sake mayar da shi farko."